Allurar Lifidi da Sunayen da Aka Bari a Waje

Idan ka taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya, babu shakka idonka ya faɗa kan 'yan lifidi, mahayan nan da aka lulluɓe su da dawakinsu cikin tufa mai kauri, ja da rawaya da kore, har ba ka ganin komai na dokin sai idanu da kofato. Yau ado ne, yara suna bin su da shewa. Amma wannan tufa ita ce ɗinki mafi nauyi da aka taɓa yi a ƙasar Hausa, saboda yaƙi kuwa aka ƙago ta. Ina so mu kama bakin zarenta, ni da kai, mu bi shi zuwa gabashin Sakkwato, ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda garuruwa irin su Kwargaba suke zaune, gama a can za mu ga wanda allurar kakanninmu ta rufa wa jiki, da wanda ta bari a waje.

Tun daga gona aikin lifidi yake farawa. Mata su ne masu gurzar auduga su raba ta da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari a tsakar gida bayan an sauke tukunyar tuwo. Masaƙi ya karɓi zaren ya saƙa shi dogo siriri, faɗinsa yatsu kaɗan, abin da ake kira ƙwarya. Maɗinki ya haɗa ƙwarya da ƙwarya har su zama shimfiɗa guda, sa'an nan ya ɗora shimfiɗa bisa shimfiɗa, ya cusa audugar rimi ko ta gona a tsakaninsu, ya bi da allura layi bayan layi yana huda su duka, domin kada cikon ya zube ya taru a gindi. Akan yi na mutum, akan yi na doki, a ɗora kwalkwali a ka. Abin tsoro a yaƙin wancan zamani shi ne kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi ta gama da mutum. Amma in ta shiga lifidi sai ta maƙale cikin auduga, ƙarfinta ya ƙare kafin ta kai fata. Ka lissafa hannu nawa ya taɓa riga ɗaya kafin ta hau jikin mai ita. Gayya ce, ko da ba a buga gangar gayya ba, yawancin masu gayyar kuwa ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Shekara 400 bayan haka lifidi yana nan da darajarsa. A watan Yuni na 1804, a Tafkin Kwatto kusa da Gudu, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da rundunarsa, cikinta akwai 'yan lifidi kimanin 100, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce 20 ba, baka da kibiya ne ƙarfinsu. Masu baka suka yi nasara. Sai dai ba su raina lifidi saboda haka ba, suka kwashi dawaki da kayan yaƙin da Gobirawa suka zubar, kafin shekaru kaɗan su ma sun yi nasu 'yan lifidin.

Wata 6 bayan Kwatto, a Disamba na 1804, sa'a ta juya. A Tsuntsuwa, dab da Alƙalawa babban birnin Gobir a bakin Gulbin Rima, Gobirawa da Azbinawa suka auka wa jama'ar Shehu. Muhammadu Bello ya rubuta a littafinsa Infakul Maisuri cewa kimanin mutum 2,000 suka kwanta a ranar, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Ya ambaci sunayen waɗansu manyan malamai. Ka lura da yadda lissafin ya sauko kamar matakala: kaɗan sun sami suna, 200 sun sami siffa, sauran 1,800 sun sami lamba. Ba na zargin Bello da wannan, gama mutum ne da yake juyayin abokan karatunsa, kuma ya yi abin da yawancin sarakunan duniya ba su yi ba da ya tsaya ya ƙidaya matattunsa. Amma waɗanda suka mutu a ɗaya gefen filin, talakawan Gobir da aka taso daga gonakinsu aka ce su bi sarki, ko lambar ba ta kai gare su ba.

Akwai wani yini guda da aka rubuta mana labarinsa dalla-dalla, domin wani baƙo yana wurin. A watan Oktoba na 1826 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya tarar da Sarkin Musulmi Bello a sansani, yana shirin auka wa Konya, garin da Sarkin Gobir yake zaune a lokacin bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Baturen ya ƙiyasta rundunar da mutum 50,000 zuwa 60,000, ya ce fiye da 9 cikin 10 dakaru ne masu tafiya a ƙasa. 'Yan lifidi kuwa ƙalilan ne ƙwarai: Sarkin Musulmi yana da 6, kowane babban basarake yana da 6. Saboda nauyin kayan, sai mutum 2 sun ɗaga mahayi kafin ya hau. Aka tura su gaban ganuwa domin su sha kibau su buɗe wa na baya hanya. To, ashe cikin garin akwai bindiga ƙwaya ɗaya, mai ita kuwa ya iya saiti. Ya harbi na gaban 'yan lifidin a ƙirji, harsashi ya ratsa audugar da aka yi watanni ana ɗinkawa, mahayin ya faɗo kamar buhun hatsi, dakaru suka ruga suka janye shi da dokinsa. Aka yini ana ɗauki-ba-daɗi, Konya ba ta faɗi ba.

Wannan lissafi na 6 cikin dubbai ya isa a tsaya a kansa. Dukan kaɗin da matan ƙauyuka suka yi, da saƙar masaƙa, da ɗinkin maɗinka, jikin mutum kaɗan suka rufe. 'Ya'yan masu kaɗin, waɗanda su ne 9 cikin 10, sun shiga ruwan kibau da 'yar taguwa da laya da garkuwar fata in an samu. Kada kuma ka ɗauka 'yan lifidin 'ya'yan gata ne. Da yawa cikinsu bayin sarki ne, an tufatar da su domin a sa su a bakin mutuwa.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai cikin labarin wannan yini wata tsohuwa ce. Baturen ya ce baiwar Sarkin Musulmi ce, 'yar Zamfara, wadda ta ce ta yi renon sarakunan ƙasarta har 5. Tana bisa doki, ta rataya goruna cike da ruwa da tasar tagulla, tana ratsa fagen fama tana shayar da masu rauni da masu ƙishi, shi kansa ya sha daga hannunta. Ya shaida cewa babu wanda ya fi ta amfani a ranar, jaruntakarta kuwa ba ta gaza ta kowa ba. Ya kwatanta dokinta, ya kwatanta kamanninta, amma bai rubuta sunanta ba. Shekara kusan 200 ke nan muna da launin dokin, ba mu da sunan matar.

Saboda wannan yaƙi na gabas da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne Bello ya kafa Wurno a kan tudu mai duban fadamar Rima, ya mai da ita ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya koma can da zama. Aka kafa irinsa a Gandi da sauran wurare, aka ɗora 'ya'yansa a kansu, aka zaunar da makiyaya da masu sana'a da bayin da aka kamo a yaƙi. Saboda haka in ka bi ƙasar Wurno da Rabah yau, kana takawa ne a kan tsohuwar iyakar yaƙi, jinin mutanenta kuwa gauraye yake da na masu kamu da na kamammu. A 1836 aka yi karon ƙarshe na zamanin Bello a Gawakuke, can arewa, inda Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai. Aka kashe Sarkin Gobir Ali, aka kashe Sarkin Katsina Rauda, dubban mabiyansu suka kwanta tare da su. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A shekara ta gaba, 1837, Bello ya rasu a Wurno, kabarinsa yana can ana ziyara har yau.

A nan ne ya kamata mu rage sauri, domin a Wurno ɗin nan wata mace ta yi abin da ya fi kusa da batun da muke nema. Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wadda aka haifa a 1793, ta ga yaƙi tun tana yarinya, ta sha hijira da yunwa tare da jama'ar mahaifinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta yi waƙa a kan Gawakuke, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, kowace fada tana kukan manyanta. Abin da ya bambanta ta shi ne ta yi marsiyya ga mutanen da babu tambari ko algaita a ƙofar gidansu. Ta yi wa Halima, maƙwabciya mai kirki. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira idan mace tana naƙuda ko za a yi wa gawa wanka. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajis ɗinta, wato matan da take naɗawa da malfa da jan ƙyalle, su riƙa jagorancin matan ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar. Waɗannan mata suna haddace waƙoƙin suna rerawa, da haka sunan maƙwabciya da na ungozoma suka yi tafiya daga gari zuwa gari a bakin mata, suka kai zamaninmu.

Ba a fagen yaƙi matan nan 3 suka mutu ba, kuma Asma'u 'yar gidan masu nasara ce, ba ta yi kukan matattun Gobir ba. A gidajen Wurno akwai matan da aka kamo daga garuruwan da aka ci, waɗanda nasarar da ake waƙa ita ce mutuwar mazansu da 'yan'uwansu. Su kukansu a ciki suka yi shi. Duk da haka ƙa'idar da ta kafa tana da girma: mutum ba sai ya hau doki ba kafin a riƙe sunansa, kuma mata masu taruwa a tsakar gida sun isa su zama ma'ajin wannan suna. Mu da ba addininmu ɗaya da ita ba, babu abin da zai rage mu idan muka faɗi wannan da bakinmu.

Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya bayan ganuwar Sakkwato, abin da bindiga ɗaya ta fara a Konya, bindiga mai ruwa ta ƙarasa shi. Kafin rana ta take tsaka rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta watse, sai waɗansu mutane ƙalilan da suka tsaya kewaye da tuta, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har aka gama da su. Attahiru ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar tare da mabiya fiye da 600. Tutar ta shiga hannun Turawa, suka adana ta, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ƙyallen ya dawo gida bayan shekara 57. Waɗanda suka mutu suna riƙe da sandarsa, ba a ɗinka sunan ko ɗaya a bakinsa ba.

Satiru ta fi wannan ɗaci. Ƙauye ne mai nisan mil 14 kudu da Sakkwato, matattarar talakawa da bayin da suka gudu. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanensa, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa 3, Hillary da Scott da Blackwood, tare da sojoji baƙar fata fiye da 20. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi na lokacin ya la'anci duk wanda ya sāke gini ko noma a wurin. Ka ga na iya jera maka sunayen Turawan nan 3 ba tare da wahala ba. Sojojin da suka mutu a gefensu, 'ya'yan ƙasar nan ne, lamba ce ta rage musu, su da mutum 2,000 da aka kashe domin ramuwa.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo ba sabo ba ne. A littafin Sama'ila na biyu, sura 21, an ba da mutum 7 daga zuriyar Saul ga Gibeyonawa domin a biya jinin da sarki ya zubar, aka kashe su aka bar gawawwakin a fili. Sarakuna suka ɗauka magana ta ƙare. Sai Rizfa, uwar 2 daga cikinsu, ta ɗauki tsumman makoki ta shimfiɗa a kan dutse, ta zauna tun farkon kakar sha'ir har ruwan sama ya sauko, tana korar tsuntsaye da rana da namun jeji da dare. Ba ta da runduna, ba ta kai ƙara fada ba, ƙyalle ɗaya gare ta da naci. Dukan 7 ɗin ta tsare, har da 5 da ba ita ta haifa ba. Labari ya kai kunnen Dawuda, ya sa aka tattara ƙasusuwan aka binne.

A zamaninmu an sami mata a waɗansu ƙasashe da suka ɗauki irin ɗinkin lifidin nan, shimfiɗa bisa shimfiɗa da allura mai ratsa su, suka juya shi ga aikin Rizfa. Bari in kai ka Kolombiya, a Kudancin Amurka, wani ƙauye da ake kira Mampuhan, na baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ranar 10 ga Maris 2000 waɗansu 'yan bindiga masu da'awar suna yaƙar 'yan tawaye suka tara mutanen garin a dandali, suka ce kowa ya fita kafin gari ya waye. Iyalai 245 suka bar gidajensu. Kashegari 'yan bindigar suka kashe manoma 12 a wata ruga da ke kusa, Las Brisas. Shekaru bayan haka wata Ba'amurkiya daga ikilisiyar Menonayit, Teresa Geiser, ta zo ta koya wa matan ɗinkin bargon faci, irin na ƙasarta, mai murabba'i da kusurwa. Matan suka koya, amma zanen bai ce musu komai ba. Sai suka fara yanka ƙyallaye suna fitar da siffar gidajensu, da itatuwansu, da mutanen da suka zo da bindiga, da tsofaffin da aka ɗauko a kan ragaya, da gawawwakin Las Brisas. Suna ɗinki suna magana, abin da baki ya kasa faɗa shekara da shekaru ya fito ta kan allura. Daga baya suka koma baya can, suka ɗinka labarin jiragen bayi da suka kawo kakanninsu. A 2010 kotu ta yanke hukunci a kan waɗanda suka jagoranci korar, a 2015 kuma aka ba matan lambar zaman lafiya ta ƙasa, aikinsu ya shiga gidan tarihi na ƙasar a Bogota.

Kada ka ce wannan al'adar Kirista ce kaɗai. A Bosniya, a watan Yuli na 1995, an kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000 a Srebrenica. Matan da suka tsira, waɗanda suka taru a ƙungiyar Bosfam a birnin Tuzla, masaƙan darduma ne tun asali. Daga 2007 suka fara saƙa ƙananan murabba'ai, kowanne da sunan mutum ɗaya, suna haɗa su wuri guda su zama babbar shimfiɗa. Ba su zana fuskar kowa ba, suna ne kawai da adon saƙa na gargajiya. A ƙasar Chile kuma, bayan juyin mulkin soja na 1973, matan da aka ɓatar da mazansu da 'ya'yansu sun yi ta ɗinki a kan buhunan fulawa ƙarƙashin inuwar ikilisiyar Katolika, waɗansu da guntayen tufafin waɗanda suka ɓace.

A nan gida ma an ɗan taɓa. Dokta Rebecca Dali ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta yi shekaru tana bin waɗanda rikicin Boko Haram ya kora tana rubuta sunayen matattunsu, har a 2015 aka baje sunaye kimanin 10,000 a babban taron shekara na 'yan'uwansu a birnin Tampa na Amurka. A rubuce suke, ba a ɗinke ba, kuma na arewa maso gabas ne.

Yanzu mu komo bakin Rima. Tsohuwar iyakar da Bello ya gina Wurno dominta ta sāke zama iyaka, sai dai yanzu babur ne ya maye gurbin doki, kuma babu lifidin da yake tare irin harsashin da ake harbawa. Ranar 9 ga Yuli 2018 'yan bindiga suka shiga Tabanni a ƙasar Gandi, ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi suka zauna a sansani. A Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, domin a toshe wa ɓarayin hanyar sadarwa. Cikin wannan shirun ne, ranar Lahadi 17 ga Oktoba, suka kewaye kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki suka buɗe wuta. Da farko aka ce wajen mutum 30, daga baya gwamnatin jiha ta ce 43. Tsakanin 30 da 43 akwai mutum 13, kowanne da uwar da ta yi masa suna ranar bakwai, da ragon da aka yanka, da wanzamin da ya yi aski. Mu da muka ji a rediyo, gyaran lissafi kawai muka ji.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Kwanaki kaɗan kafin Goronyo, 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Duk shimfiɗar da za a ɗinka a wannan ƙasa, in ta ɗauki 43 ta bar 11, to lifidi ce kawai aka sāke yi, mai rufe namu ta bar nasu ga kibiya. A ganina wannan ne wuri mafi wuya cikin aikin gaba ɗaya, ya fi neman zare da ƙyalle wuya nesa ba kusa ba, kuma ba a tilasta wa gwauruwa ta zauna tabarma ɗaya da matar wanda take zargi. Matan Mampuhan ma shekara 6 suka yi kafin su ɗauki allura.

Kayan aikin dai duk suna nan. Ƙasar da ta iya haɗa ƙwarya da ƙwarya ta fitar da luru da gwado, ta iya zana aska takwas a ƙirjin riga, ba za a koya mata ɗinka suna a kan ƙyalle mai faɗin tafin hannu ba. Ana iya yinsa da boko, ana iya yinsa da ajami. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mamatan Tabanni da Goronyo, suna binne nasu cikin farin likkafani marar rubutu, kabari kuma ba a ƙawata shi, da yawansu ba za su so a zana siffar mutum ba. Wannan abin girmamawa ne, hanyar matan Tuzla kuwa ta nuna suna kaɗai ya wadatar. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a wannan yanki. Matan zumunta sun saba da taruwa, sun saba da keken ɗinki da zane iri ɗaya, amma in za su shiga irin wannan aiki, wurinsu shi ne na tsohuwar nan ta Konya mai goruna, su kawo zare, su riƙe bakin ƙyalle, su bar mai mamaci ta faɗi sunan da bakinta ta zaɓi launin da hannunta.

Sunayen kuwa ba su ɓace ba tukuna, wannan shi ne bambancin Goronyo da Tsuntsuwa. Limamin da ya yi sallar jana'iza yana iya jera su, mai unguwa yana iya faɗin gidan kowa, matan da suka yi takaba sun san har rigar da mutum ya sa ya tafi kasuwa. Sai dai limamai suna tsufa, sansani yana watsewa, waɗansu sun yi Sakkwato, waɗansu sun ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi, ta hanyar da Gobirawan Gawakuke suka bi. Jaririn da aka goya aka gudu da shi daga Tabanni a 2018 ya riga ya isa shiga makaranta, bai san fuskar ubansa ba. Zanen da aka goya shi da shi, in ba a riga an yayyaga shi an yi tsumman sauke tukunya ba, yana ƙasan wani buhu a Gandi.